Sulke a Suame

Fulera ta zo shago ranar Laraba,
littafi a hammata, laka a takalmi,
ruwan Kumasi ya rako ta tun daga Kejetiya.
Ta buɗe shafi a kan bonet ɗin wata gawar tasi,
ta ce, "Baba, wannan za ka ƙera mini."

Na duba. Mutum ne ko tukunya mai ƙafafu?
Ƙarfe tun daga ƙeya har ɗan yatsa,
ba fuska, sai 'yar tsaga kamar bakin asusu.
Wai baraden Turai ne, shekara ɗari shida baya.
Wasa za su yi a jami'a,
kuɗin aiki kuwa sai wata ya mutu.

Shekara talatin ina ɗinke motoci da wuta,
ban taɓa auna ƙirjin ɗan Adam ba.
Na tsai da Kwabena, yaron shagona,
na zagaye shi da igiyar auna salansa.
Ƙofar tirotiro ta zama ƙirji,
kwanon fitila ya zama gwiwa,
tankin babur ya yarda ya zama kwalkwali
bayan gardama mai tsawo da guduma.

Ina bugu, tana karatu.
Wai barde kan kwana a tsaye a ɗakin ibada,
takobi kwance a gabansa,
da asuba ya rantse zai tsare maraya da mai takaba.
Wai yakan so matar da ba zai samu ba,
ya ɗaura hannun rigarta a mashi,
ya rame, ya tsara mata baiti,
ita tana can bisa bene, ko tari ba ta yi.
Kwabena ya fashe da dariya cikin kwalkwali,
muka ji kamar daga rijiya.

Ta nuna mini wata taya da suka zana:
sarki a ƙoli, wani na hawa,
wani ya faɗo, kambinsa ya riga shi ƙasa.
Na ce wannan ba sai an haye teku ba,
leƙa bayan shago.
Kowace a tulin can ta taɓa ɗaukar wani babba.

Na ce, in aka kama barden a yaƙi fa?
Ta ce ba a cika kashe shi ba.
A ba shi ɗaki da tuwo, har dangi su aiko fansa.
Na ce, ɗan ƙauyen da ke binsa a ƙasa da gora?
Ta juya shafi.
Ta sake juyawa.
Ruwa na ta dukan kwanon rufi.
"Shi ba a fansarsa, Baba."

Na ajiye guduma, na sha shayin da ya huce.

To, maƙerin fa?
Wanda ya sa gwiwar nan ta lanƙwashe ba ta ciji nama ba.
Kwana uku ina bin sawunsa a hoto
kamar mai neman allura a kwandon ƙusa.
Da ya zo Suame, ni zan riƙe masa awartaki.
Ta ce wasunsu kan buga 'yar alama a jikin ƙarfen,
ba ta fi ƙwayar masara ba.
Daga baya albarushi ya zo,
sulke ya koma jingine a bango.

Daren wasa na sa farar riga,
na zauna can baya, kusa da ƙofa.
Barde ya fito yana ƙara kamar motar katako,
ya yi rantsuwa da Turancin da ban kama ba,
mutane suka yi ta tafi.
Ni gwiwa nake kallo.

Ya durƙusa.
Ta lanƙwashe.
Ya miƙe, ba ta cije shi ba.

A cikinta, inda fitila ba ta kai,
akwai ɗigo uku da na buga da ƙusa:
ɗaya nawa,
ɗaya na wancan maƙeri,
ɗaya na mai gora.
Fulera ba ta sani ba,
kuma har yau ba ta biya ni ba.